Rufin Asirin da Na Yi wa Ƙanwata

A farkon shekarata ta uku a jami'a aka tara mu, mu goma sha biyu, a ɗakin taro na hawa na huɗu, aka rataya wa kowa shuɗiyar igiya a wuya mai ɗauke da kati. A jikin nawa katin akwai hotona, wanda na fito a ciki kamar an kama ni da kazar maƙwabta, sai rubutun Sinanci a ƙasa da ke cewa ni jagorar sababbin ɗalibai ce. Ranar ban cire igiyar nan ba sai da zan shiga wanka. Na ɗauki hoto da ita kala biyar na tura Kano, Umma ta nuna wa duk wanda ya shigo gidan, kafin a kira magariba labari ya zama wai an ba ni muƙami a China. Da labarin ya dawo kunnena ban ƙaryata ba.

Ajinmu ana ce masa ajin zaɓaɓɓu. Daga cikin ɗimbin masu karanta kasuwancin ƙasa da ƙasa ake tsamo 'yan kaɗan a ware musu aji, da malamansu, da ɗakunan kwana a sabon bene mai na'urar sanyi da ba ta tari. Amma kujerar ba ta gado ba ce. A zangon farko, duk wanda ya gaza maki saba'in a ɗaya daga cikin manyan darussa, sai ya tattara nasa ya nasa ya koma babban aji, can tsohuwar haraba a ƙetaren kogi, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Shi ya sa ake haɗa kowane sabon shiga da wani tsoho da ya riga ya tsallake, ya riƙe masa hannu.

Malamar da ke kula da mu 'yar ƙaramar mace ce, ba ta rabo da gorar ruwan zafi mai ganyen shayi na yawo a ciki. Ita ta yi mana bayanin aikin. Kowane mako za ka zauna da naka ɗalibin na rabin awa. Ƙarshen wata kuma za a turo maka takarda a waya mai ɗigo uku, kore da rawaya da ja, ka danna wanda ya dace da halin da yake ciki. Ta yi dogon bayani a kan abin da kowane ɗigo ke jawowa, har da zane a allo. Ni kuwa ina can ina juya katina, ina duba ko igiyar ta shiga da mayafina. Abu ɗaya kunnena ya tsinta: in ka danna rawaya ko ja, ofis zai kira ɗalibin. Na ce a raina, to an zo wurin. A gidanmu in ka kai ƙarar ɗan'uwanka wurin Baba, shi za a yi masa bulala biyu, kai a yi maka uku saboda gulma. Tun a zaune na yanke cewa yatsana ba zai taɓa rawaya ba.

Ya kamata in faɗi cewa ni auta ce. Mu bakwai ne, kuma tun da nake ban taɓa aiken kowa ba, ni ake aika. Ko kyanwar gidanmu ba ta jin maganata. Saboda haka da Malama ta jawo wata doguwar yarinya siririya ta ce, ga wannan daga Nijar take, yarenku ɗaya, ke za ki riƙe ta, sai na ji kamar an naɗa ni. 'Yar Maraɗi ce, shekarunta goma sha takwas, in tana magana sai ka matso kafin ka ji. Karatunta duka da Faransanci ta yi, Turancinta na 'yan watanni ne da ta koya dab da tahowa, sakamakonta na lissafi ne ya shigar da ita ajin. Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina wuni, Yaya." Wallahi sai da na waiga bayana in ga da wa take.

Na shiga aiki gadan-gadan. Na koya mata hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake biyan kuɗi da waya, da shagon taliyar Musulmi da ke bayan ƙofar kudu, inda in ka ce kada a sa barkono sai su rage shi kaɗan su ce sun cire. Na koya mata cewa lema a Guangzhou ta rana ce kuma ta ruwa, ba a fita babu ita. Na nuna mata yadda ake shanya a lokacin da bangon ɗaki kansa ke gumi. Na koya mata ce wa mai shago "laoban", da yadda ake ɓata fuska a juya baya in ya faɗi farashi, a yi taku uku a jira ya kira. Duk abin da na koya da wuya a shekara biyu na juye mata a mako uku. Abu ɗaya ne ban taɓa yi ba, ban taɓa cewa ta buɗe mini littafinta in gani ba.

Ranar Laraba da la'asar muke zamanmu na rabin awa, a kan wani benci bakin tafkin makaranta. Zan gyara igiyata in ce, "Ya karatu?" Ta ce, "Lafiya lau, Yaya." Shi ke nan an gama da wannan. Sauran minti ashirin da tara kuma nawa ne. In ba ta labarin yadda na burge malamin tattalin arziki a shekarar farko, da yadda wani direban tasi ya rantse a waya ya zaci 'yar ƙasa ce ni. Tana sauraro tana murmushi, ni kuma ina ganin ban taɓa haɗuwa da yarinya mai hankali irinta ba.

A mako na huɗu ta ce mahaifiyarta ta ba ta lambar wata ƙawarta da ke unguwar Sanyuanli, ta ce lallai ta je ta gaishe ta. Ni na raka ta, don ni ce mai sanin hanya. Hajiya ce ƙatuwa mai tabarau da waya biyu, takan yi wata uku a nan wata uku a gida. Ɗakinta a hawa na shida yake, an jera diloli har rufi, sai ka bi ta gefe kamar kaguwa kafin ka samu wurin zama. A nan matan Maraɗi da na Yamai ke sauka in sun zo sarin kaya. Ta rungume ƙanwata har da hawaye, ta ce kamar uwarta ta yi kaki. Ta zubo mana dambu da zogale da man gyaɗa. Na yi shekara biyu ban ga dambu ba. Na ci faranti ɗaya, aka ƙara mini, na yi kawaicin minti guda na cinye. Da ciki ya ɗauka sai baki ya buɗe.

"Hajiya, wannan da kike gani," na ce, ina nuna ƙanwata da cokali, "mako uku kacal, amma ƙirgan Sinanci ya zauna mata. Jiya a gabana ta sa wani laoban ya rage mata kusan rabi. Ni na koya mata."

Hajiya ta sauke tabarau ta dube ta. "Ashe? To madalla. Allah shi yi albarka."

Na koma makaranta ina jin daɗi na fito da ƙanwata kunya. Ban san tallarta na yi ba.

Kasuwar Shahe da asuba take ci. Masu sari suna can tun gari bai gama wayewa ba, kafin azahar an fara rufe shaguna. Baƙin Hajiya kuwa ba Turanci ba Sinanci, sai Hausa da ɗan Faransanci, kuma mako biyu kawai suke yi. Suna buƙatar mai karanta musu lambar kaya, mai jayayya da laoban in ya ce "meyo", wato babu, alhali ga kayan can a bayansa. Ga kuma ɗiyar ƙawa, mai ladabi, mai kan lissafi. Darasin lissafin ajin ƙanwata kuwa ƙarfe takwas na safe ake yin sa, Talata da Alhamis.

Ba zan ce ban sani ba. Na sani. Na gan ta wata Alhamis da hantsi tana fitowa daga tasha da baƙar leda ƙatuwa, takalminta duk ruwan kasuwa. Ta ce Hajiya ce ta roƙe ta ta ɗan raka wasu baƙi. Na ce ai zumunci ne, Allah ya ba da lada. Wata Laraba tana zaune a benci ina tsakiyar labari na ga idonta ya rufe, na ɗauka daɗin labarin ne. Har gyale ta kawo mini tsaraba daga Shahe, ruwan zuma, na karɓa na yi godiya na yafa. Ƙarshen watan farko takarda ta shigo wayata, na danna kore. Ƙarshen na biyu na ɗan tsaya, yatsana ya yi shawagi a kan rawaya. Sai na hango ta a tsaye gaban Malama kanta a ƙasa, ana yi mata tambayoyi da Turancin da ba ta gama ji ba, ana rubuta sunanta a fayil, kuma ni 'yar'uwarta Bahaushiya na kai ta. A ƙasar mutane? Na danna kore, na ji ni wata mai rufin asiri ce ta gaske, irin waɗanda ake yabo a bayan idonsu.

Cikin mu goma sha biyun akwai wani ɗan China mai gilashi, ɗan ajinmu, wanda tun watan farko ya danna wa nasa ɗalibin rawaya, wai don ya ga yana hamma a aji kuma ya kasa aikin gida sau ɗaya. Da ya faɗa a taronmu na jagorori, ko kunya babu, na dube shi sama da ƙasa na ce a raina, ji magulmaci. Har na daina zama kusa da shi.

Sakamakon jarrabawar tsakiyar zango ya fito ranar wata Litinin. Da yamma Malama ta aiko a kira ni. Na tafi da igiyata a wuya, ina tunanin ko yabo ne. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta. A gefe ɗaya ga makin ƙanwata na lissafi, arba'in da ɗaya. A ɗaya gefen ga korayena guda biyu, suna ƙyalli.

Ba ta ɗaga murya ba, kuma na fi son a ce ta ɗaga. Ta kurɓi shayinta ta ce, "Kin san ta rasa darasi tara?"

Na ce na san ta rasa wasu.

"To me ya sa kore?"

Na fara kame-kame, na ce a wurinmu ba a kai ƙarar ƙani wurin hukuma, ana gyara abu ne a cikin gida. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kin gyara?"

Ta ɗauko takarda ta sake zana mini abin da ta zana a allo ranar farko. Rawaya ba hukunci ba ce. Duk wanda aka danna wa rawaya, a makon nan za a haɗa shi da mai koya masa darasin shi kaɗai, sau biyu a mako, kyauta. In harshe ne matsalar, akwai wani ɗalibin digiri na uku mai jin Faransanci da aka tanada musamman don irinta. Ya jira wata biyu babu wanda aka turo masa, sai aka mayar da shi wani sashe. Yaron da ɗan gilashi ya danna wa rawaya kuwa ya ci tamanin da biyu.

"Ba ƙara nake nema ba," in ji Malama. "Ni ba na ganinta kullum. Ke na ba idona."

Ban san lokacin da na cire igiyar na cusa a jaka ba. Makin tsakiyar zango yana shiga cikin na ƙarshe. Sai ƙanwata ta yi abin da ya kusa fin ƙarfin mutum a babbar jarrabawa kafin jimillar ta kai saba'in, kuma saura mako bakwai.

Na same ta a ɗakinta tana ninke kaya. Na zauna bakin gado na ce, "Ya karatu?" Ta ce lafiya lau. Na ce, "A'a. Ya karatu?" Sai ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka. Ta ce tun makon farko ba ta gane Turancin malamin, yana sauri, kafin ta fassara jimla ɗaya a kanta ya goge allo. Da ta fara rasa darasi kuma sai zaren ya tsinke gaba ɗaya. Na ce me ya hana ta faɗa mini?

"Yaya, kullum sau guda kike tambaya," ta ce. "Na ɗauka gaisuwa ce."

Na rasa inda zan sa kaina, don gaisuwar ce kuwa. Ni da na taso ina jin Umma tana tambayar baƙo lafiya har sau uku kafin ta samu ta gaskiyar. Na ce to Hajiya fa, ba za ta iya ce mata tana da darasi ba?

"Ƙawar Inna ta. Ita ta yi mata wankan jego da hannunta sadda anka haife ni, haka Inna ta ce. Mi zan ce mata? In ce ban zuwa?"

Nan jinina na Kanawa ya motsa. Na miƙe na ce ta bar mini, gobe Talata ita ta tafi aji, ni zan je in samu Hajiya, zan gaya mata gaskiya komai ɗacinta, ai ba tsoronta nake ji ba. Na tsara jawabina tsaf, mai gabatarwa da hujjoji uku da rufewa, kamar yadda aka koya mana a darasin iya magana. A cikin jirgi da asuba ina ta maimaita shi, har wata tsohuwa da ke gefena ta matsa.

Na same su a bakin kasuwa, Hajiya da baƙi biyu, kowacce da jaka mai taya. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce ina ɗiyata? Na ce tana aji. Na buɗe baki zan ɗora gabatarwa, sai ta kama hannuna ta ce wa baƙin, "Kun ga yarinyar kirki. Ƙanwarta ba ta samu zuwa ba, ta taso da kanta tun da asuba. Ita ce mai Sinancin ma na gaske." Baƙin suka hau sa mini albarka. Ɗaya ta ce Allah ya ba ni miji nagari. To, wa zai yi jawabi a kan wannan? Na ce amin, na karɓi jaka.

Ranar na zagaya Shahe bene uku. Na yi cinikin rigunan yara dozin-dozin, na yi rigima da wani laoban a kan zip, na ɗauki ƙunshin da ya fi ni faɗi a kai ina ratsa masu kura suna yi mini ihu in kauce. Na rasa nawa darasin na ƙarfe goma. Alhamis na koma da niyyar yau kam sai na faɗa, na dawo da ledar dambu. Na gaya wa ƙanwata ana kan tattaunawa. Mako biyu cur ina wannan jarumta. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ita tana zuwa aji, kuma ɗan gilashin nan da na kira magulmaci, da Malama ta yi masa magana, ya yarda zai riƙa zama da ita a laburare kullum da yamma. Bai taɓa tambayata me ya faru ba. Sai da na yi kwana uku ina kauce masa kafin na iya ce masa na gode.

A mako na uku Hajiya ta ce garin Xintang za mu, sarin wandunan jins. Tafiya ce mai nisa. Muka wuni muna shiga ɗakunan ɗinki, ko'ina shuɗi, har ruwan kwata shuɗi ne, ƙarar keke kamar za ta fasa kai. Da la'asar muna cikin mota za mu dawo, ƙafata ta kumbura, ga gwajin da zan yi washegari ban buɗe littafi ba, sai Hajiya ta ce, "Jibi ki ce ma ɗiyata ta zo ita ma, baƙi huɗu za su sauka, ke ɗaya ba ki iyawa."

Ban yi gabatarwa ba, ban kawo hujja ko ɗaya ba. Kuka na fashe da shi kamar wadda aka mara, na ce, "Hajiya, korar ta za a yi!"

Direba ya leƙo ta madubi. Hajiya ta cire tabarau ta ce in yi mata bayani. Na yi, cikin shessheka da majina, ba tsari. Da na gama sai ta ce:

"Na tambaye ta. Wallahi na tambaye ta ranar farko, na ce ba ki da lakkwal da safe, ba ki zuwa aji? Ta ce ba komi, Hajiya. Ke kuma kin yi sati biyu kina ɗaukar mani kaya kina dariya. Kun maishe ni azzaluma ban sani ba. Ɗiyar ƙawata ta zo karatu, ni in zama sanadin korarta? Da wane ido zan dubi uwarta? Ga yaran Gana nan masu tafinta cike da Sanyuanli, kuɗi kaɗan suke amsa. Don in ja ta jiki nike kiranta, kada ta yi kewar gida."

Ta juya ta dube ni sosai. "Ke kuma da ake ce ma babba, mi ya rufe maki baki?"

Na ce kunya. Ta ce, "Kunyar banza." Daga nan har Sanyuanli ba ta sake yi mini magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Daga ranar Hajiya ta haramta wa ƙanwata taka kasuwa. Duk Juma'a sai ta aiko mata da abinci a kula, da saƙon cewa in ta gan ta a Shahe sai ta karya mata ƙafa. Yarinyar nan ta yi karatu irin wanda ban taɓa gani ba. Da safe aji, da yamma laburare da ɗan gilashi, ni kuma ina zaune gefe da ƙamus ina juya mata tambayoyi daga Turanci zuwa Hausa, Hausar da ba ta da sunan rabin abubuwan, sai mu ƙirƙira. Da ta gane abin da ake tambaya, kafin in rufe ƙamus ta gama. Nan na ga irin kan da Allah ya ba ta, na kuma ga abin da na yi wasa da shi wata biyu. Ƙarshen watan na danna ja, amma ihu ne bayan hari.

A babbar jarrabawa ta ci tamanin da biyar. Mutum uku kawai suka fi ta a ajin. Da aka haɗa da na tsakiyar zango jimillar ta tsaya a sittin da bakwai.

Na je wurin Malama na roƙe ta. Na ce laifina ne, a cire maki ukun daga nawa, a karɓe katin, a rubuta duk abin da za a rubuta a fayil ɗina. Ta ce ta riga ta kai maganar sama sau biyu, an ce doka ɗaya ce ga kowa. Idonta ya yi ja, ta juya tana gyara murfin gorarta. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Ranar da za ta koma tsohuwar haraba na je taya ta haɗa kaya. Akwati biyu ne da bokiti da lema. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce mini komai a kan abin da ya wuce ba, wanda ya fi zagi ciwo. Da muka ɗaure akwati na biyu sai ta zauna a kansa ta ce, "Yaya, alfarma guda nike nema. Inna ba ta san bambancin aji da aji ba. Na roƙi Hajiya ta yi shiru. Ke ma in ta kira ki, ki ce komi lafiya."

Bakina har ya buɗe zai ce to. Abin da na fi iyawa ke nan a duniya. Na haɗiye, na ce, "Ba zan faɗa mata ba, amma ba zan ce lafiya ba. Ki kira ta yanzu ina zaune."

Ta dube ni da wani irin kallo da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Yanzu kika iya?" Na ce e, yanzu na iya, kuma na san ya zo a makare. Ana ta jan akwatuna a baranda. Can ta ɗauki waya.

Ta faɗa mata duka, a hankali, kanta a sunkuye. Ba ta ambaci sunana a cikin laifin ba ko sau ɗaya. Ina jin muryar uwar sama-sama, ba faɗa, sai tambayoyi. Za a ci gaba da karatun? Za a ci gaba. Akwai wurin kwana? Akwai. Sai ƙanwata ta miƙo mini wayar ta ce Inna na son magana da ni.

Na karɓa. Matar nan ta gaishe ni kamar wata babba, ta ce kullum ɗiyarta na ba ta labarina, ta hau yi mini addu'a, Allah shi saka, Allah shi ba ni masu yi mini yadda na yi. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ƙarfina. Na katse ta na ce, "Inna, kada ki yi mini wannan addu'ar. Ni na jawo mata." Na gaya mata komai, tun daga dambun Hajiya har korayen nan biyu da na danna. Na gama na tsaya ina jiran abin da ya dace da ni.

Sannan ta ce, "Ɗiyata, shekarunki nawa?"

Na ce ashirin da ɗaya.

"Wayyo," ta ce a hankali. "Ni ina nan ina kwana da daɗi, na ce tana hannun babba. Ashe yarinya anka ba yarinya. Share hawayenki, ki ɗaukar mata akwati guda, ki raka ta har ɗakin."